Amurka Ta Iya Rabo: Kowane Yaro da Kuɗin Unguwar Ubansa

A cikin ƙasashen da ke iƙirarin adalci, ban san wadda ta kai Amurka iya raba kuɗin makarantun gwamnati ba, kuma lokaci ya yi da za a fito fili a yaba mata, a daina hassada. Wasu ƙasashen sukan wahalar da kansu da tambayoyi marasa kan gado: yara nawa ne a wannan yanki, nawa ne a cikinsu ke shiga aji da yunwa, nawa ne ba sa jin harshen da malam ke magana da shi. Amurka ta hutar da kanta. Kusan rabin lissafin ta rataya shi a kan tambaya guda: gidajen unguwarku nawa za su yi a kasuwa? Abin da dillali ya faɗa, shi ne rabon ɗanka.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba ya ƙaru. An yayyanka ƙasar zuwa gundumomin makarantu wajen 13,000, kowace da hukumarta, da iyakarta, da asusunta. Gwamnatin tarayya ta Washington, wadda duk duniya ke jin amonta, abin da take sakawa a firamare da sakandare bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Sauran, jiha da gunduma ne ke ɗauka kusan rabi da rabi, kuma mafi yawan kason gunduma daga harajin gidaje da filaye da shaguna da masana'antun da ke cikin iyakarta yake fitowa. Inda gidaje ke da tsada, asusu ya cika ya batse. Inda gidaje suka tsufa, masana'antu suka rufe suka yi gaba, asusu ya yi daidai da masu shi. Babu cuwa-cuwa, babu wa-ka-sani, babu wani babban sakatare da zai karkatar da kuɗi zuwa garinsu. Kuɗin ma ba sa fita unguwa balle a karkatar da su. Iya kuɗinka iya shagalinka, kuma wannan darasi tun yaro yana ɗan shekara biyar ake fara koya masa shi, kyauta.

Abin ma yana da asali, ba jiya aka fara ba. Tun 1647 Turawan da suka zauna a Massachusetts suka yi doka cewa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malami, wanda ya kai gida 100 ya buɗe makaranta, don kada Shaiɗan ya hana mutane karanta littafin addininsu. Shaiɗan dai ba a ji labarin ya bar ƙasar ba, amma ƙa'idar kowane gari ya ji da 'ya'yansa ta zauna daram.

Wanda ke son ganin kyawun tsarin ido da ido, ya nufi San Antonio a jihar Texas, ya duba lissafin shekarar karatu ta 1967 zuwa 1968, wanda ke rubuce a kundin Kotun Ƙoli har gobe. Gundumomi biyu ne a gari ɗaya. Edgewood tana yammacin gari, kashi 90 cikin 100 na ɗalibanta 'yan asalin Mekziko ne, kuma idan aka raba darajar kadarorin gundumar da yawan yaranta, kowane yaro dala 5,960 ce ke tsaye a bayansa. Alamo Heights kuwa unguwar masu hannu da shuni ce, mafi yawansu farar fata, kowane yaro yana jingine da kadarar fiye da dala 49,000. Iyayen Edgewood suka ɗora wa kansu harajin dala 1 da santi 5 a kan kowace dala 100 ta kadara, wanda ya fi na kowa tsada a duk yankin. Na Alamo Heights suka tsaya a santi 85. Da aka zo ƙirga abin da ya taru, yaron Edgewood ya tashi da dala 26 a shekara, na Alamo Heights da dala 333.

Ka ga girmamawa. An bar wa talaka ɗaukakar fin kowa biyan haraji, aka kuma kare shi daga fitinar da yawan kuɗi ke jawowa.

Kada kuma a ce jiha ta naɗe hannu. Texas tana da asusun tallafi da aka kafa musamman don kada wata gunduma ta faɗi ƙasa warwas, kuma a waccan shekara ta ba kowane yaron Edgewood dala 222. Yaron Alamo Heights ta ba shi dala 225. Akwai dalili, kuma mai kyau ne: tallafin yana bin albashin malamai, albashi yana bin takardun malami da shekarunsa a aiki, malamai masu manyan takardu kuwa sun san unguwar da ake biya da kyau. Saboda haka dala ukun nan ba ɓata ta yi ba, gida ta koma. Gwamnatin tarayya ce kaɗai ta nuna son kai, ta ba Edgewood dala 108, Alamo Heights dala 36. Duk da wannan katsalandan, jimla ta tsaya a dala 356 da dala 594, kowa ya san matsayinsa.

Sai dai ɗan Adam ba ya rasa butulci. A watan Mayun 1968 ɗalibai wajen 400 na babbar sakandaren Edgewood suka fice daga aji suka yi tattaki, wai kayan karatu ba su isa ba, wai malamai da yawa ba su da shaidar koyarwa. Iyaye suka mara musu baya. Wani tsohon soja mai aikin ƙarfe a sansanin sojan sama na Kelly, Demetrio Rodriguez, ya sa hannu a saman takardar ƙara, sunansa ya bi shari'ar. A ƙarshen 1971 alƙalai uku na kotun tarayya suka ruɗu suka ba iyayen gaskiya. Allah ya sa akwai na gaba. Ranar 21 ga Maris 1973 Kotun Ƙoli ta Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta soke wancan hukunci, hankalin masu gidaje ya kwanta.

Mai shari'a Lewis Powell ne ya rubuta hukuncin, kuma ba baƙo ba ne a harkar makaranta. Shi ya shugabanci hukumar makarantun birnin Richmond a jihar Virginia daga 1952 zuwa 1961, wato daidai shekarun da aka ce a daina raba yara makaranta saboda launin fata, bayan hukuncin Brown na 1954. Mutum ne mai natsuwa, ba ya son gaggawa: lokacin da ya sauka, cikin yara baƙar fata kimanin 23,000 na birnin, biyu ne ke zama aji ɗaya da farar fata. Irin wannan gogaggen ne ya bayyana wa iyayen Edgewood cewa kundin tsarin mulkin tarayya bai lissafa ilimi cikin haƙƙoƙin da ya lamunce wa ɗan ƙasa ba, cewa bambanci saboda dukiya ba ya cikin irin wariyar da kotu ke sa wa ido sosai, kuma ai ba wanda ya kori 'ya'yansu daga makaranta. Gaskiya ne. Ƙofa a buɗe take kullum, ana ma kaɗa ƙararrawa.

Amma hujjar da ta fi burge ni ita ce ta 'yanci. Kotu ta ce tsarin yana kare ikon kowace al'umma ta yanke wa kanta nawa za ta kashe wa 'ya'yanta. Ina mai musun wannan? Edgewood tana da cikakken 'yanci, irin na mutumin da rijiyarsa ta ƙafe aka ce masa ya zura guga sau nawa ya ga dama, ba mai hana shi. Ɗaya daga cikin alƙalan da suka ƙi yarda, Byron White, ya ɓata lokacinsa ya yi lissafi: kafin Edgewood ta tara abin da gundumar da ta fi kowa tarawa a yankin ke samu, sai ta sa harajin dala 5 da santi 76 a kan kowace dala 100, alhali Alamo Heights santi 68 ya ishe ta. Dokar Texas kuwa ta hana kowace gunduma wuce dala 1 da santi 50. Wato jiha ta ba talaka 'yancin ya kamo mai kuɗi, sannan don tausayi ta haramta masa gwadawa, kada ya ji wa kansa ciwo. Thurgood Marshall, lauyan da ya ci shari'ar Brown kuma baƙar fata na farko a kujerar Kotun Ƙoli, ya rubuta doguwar adawa yana cewa ƙasar ta ja da baya daga alƙawarin da ta ɗauka na ba kowane yaro dama iri ɗaya. To, huɗu dai ba ta kai biyar ba, wannan ko a makarantar Edgewood an koyar.

Wani mai neman magana zai ce, to yaya aka yi gidajen wata unguwa suka yi tsada, na wata suka zube? Amsar da ta dace da mai ladabi ita ce kasuwa ce, kasuwa kuwa ba ta da ƙabila. Gaskiya ne an ɗan taimaka mata. A shekarun 1930 wata hukumar tarayya ta zana taswirar birane fiye da 200, ta shafa wa unguwannin baƙar fata da na baƙi 'yan ci-rani jan launi, alamar haɗari ga mai ba da bashi. Hukumar da aka kafa a 1934 don lamunce bashin sayen gida ta tsaya wa sababbin unguwannin farar fata na gefen birni, ta kauce wa waɗancan. A takardun sayen gidaje da yawa har sharaɗi akan rubuta cewa ba a sayar wa baƙar fata. Sai a 1968 doka ta haramta wariya a cinikin gida, lokacin tuwo ya riga ya nuna an kwashe. Yau ba mai rubuta irin wancan sharaɗi, an waye. Abin da garuruwan masu hali ke rubutawa shi ne kada a gina gida a ƙaramin fili, kada a gina benen haya mai ɗakuna da yawa. Ba a ambaci kowa ba. Gwamnati ta zaɓi unguwar da za ta yi daraja, ta jira shekara arba'in, sannan ta ce a raba kuɗin makaranta bisa daraja. Wannan shi ake kira hangen nesa.

Shekara guda bayan shari'ar San Antonio aka ƙarasa ginin. Wani alƙali a Detroit ya ga makarantun birnin sun zama na baƙar fata, na garuruwan gefensa sun zama na farar fata, ya ce a haɗa birnin da gundumomi 53 na kewayensa a gauraya yaran. A 1974 Kotun Ƙoli, biyar da huɗu kuma, ta ce a'a, iyakar gunduma ba abin wasa ba ce, ba a tsallake ta sai an tabbatar gundumomin gefen ma da hannunsu a laifin. Da hukuncin farko kuɗi ba sa tsallaka iyaka su je wurin yaro, da na biyu yaro ba ya tsallakawa ya je wurin kuɗi. Ko ta ina ka ɓullo an rufe, kuma ba a zagi kowa ba.

Iyaka kuwa sai da mai gadi. Gundumomi masu kyawawan makarantu sukan ɗauki masu binciken sirri su bi yara daga ƙofar makaranta har gida, don a tabbatar inda suke kwana. Wasu har lambar waya suke bayarwa, maƙwabci ya tsegunta maƙwabci. A Akron ta jihar Ohio, wata uwa baƙar fata mai aikin taimaka wa malamai a aji, tana kuma karatun zama malama, ta rubuta 'ya'yanta mata biyu a makarantar gundumar Copley-Fairlawn da adireshin gidan mahaifinta, wanda ke zaune a can yana biyan harajinsa. Gunduma ta sa aka bi ta da kyamara, ta nemi ta biya wajen dala 30,000, kuɗin karatun da yaran suka sha ba da izini ba. A watan Janairun 2011 kotu ta same ta da babban laifi na yin ƙarya a takardun hukuma, aka yanke mata kwana 10 a gidan yari, ta yi tara. Daga baya gwamna John Kasich ya sassauta laifin zuwa ƙarami, abin da ya nuna ko a Amurka akan samu shugaba mai raunin zuciya. A wasu ƙasashen iyayen da suka hana yaro zuwa makaranta ake kamawa. Amurka ta wuce wannan matakin, ta kai ga kama wadda ta kai yaro makarantar da ta fi ƙarfin unguwarsu. Don kada a ce doka tana duba fuska, a 2019 wata fitacciyar 'yar fim da ta biya dala 15,000 aka gyara wa 'yarta amsoshin jarrabawar shiga jami'a, kwana 14 aka yanke mata. Kwana huɗu cur ta fi matar Akron.

Idan kuma iyaka ta yi kuskure ta haɗa mai shi da marar shi a asusu ɗaya, akwai gyara. A 2013 makarantun birnin Memphis, waɗanda yawancin yaransu baƙar fata ne 'ya'yan talakawa, suka haɗe da na gundumar Shelby da ke kewaye da birnin. Majalisar jihar Tennessee ta ɗage haramcin kafa sababbin gundumomi, shekara na zagayowa garuruwa shida na gefen birni, irin su Germantown da Collierville, suka ɓalle kowa ya kafa tasa. Auren bai kai ga goyon fari ba.

Da ƙofar tarayya ta rufe, iyaye suka koma kotunan jihohi, tunda kundin kowace jiha ya yi maganar ilimi. An yi irin wannan shari'a a jihohi fiye da 40, kuma a nan ne Amurka ta nuna ita ƙasar doka ce: kowa yana da damar ya kai ƙara, ya ci, ya koma gida ya jira. Kalifoniya ce ta fara, tun a 1971, kafin ma ƙofar tarayyar ta rufe, bayan an nuna wa kotu cewa Baldwin Park tana biyan harajin dala 5 da santi 48 ta kashe wa yaro dala 577, Beverly Hills tana biyan dala 2 da santi 38 ta kashe dala 1,232. Kotu ta ce a daidaita. A 1978 masu jefa ƙuri'a suka daddatse harajin kadara gaba ɗaya, aka daidaita yara ta ƙasa. A Ohio Kotun Ƙolin jiha ta ce tsarin ya saɓa wa kundin mulki a 1997, ta sake faɗa a 2000, da 2001, da 2002, daga nan ta gaji ta tsame hannunta, 'yan majalisa suka yi mata fatan alheri. A jihar Washington kotu ta fusata a 2015 ta ci gwamnati tarar dala 100,000 kowace rana, sai 2018 aka daina ƙirgawa. Gwamnati ce ke bin gwamnati bashi, ba a ji wanda ya rasa barci ba.

Texas kanta ta sake shan ƙara daga Edgewood ɗin nan a 1984. A 1989 Kotun Ƙolin jihar, baki ɗaya, ta ba su gaskiya, bayan ta ga gundumar da ta fi kowa tana da kadarar fiye da dala miliyan 14 a bayan kowane ɗalibi, ta ƙarshe tana da wajen dala 20,000, wato ninki 700. A 1993 aka yi dokar da ke karɓar rarar harajin gundumomi masu arziki, mutane suka laƙaba mata sunan ɓarawon tatsuniyar Ingila mai sata wurin attajirai ya ba talakawa. Masu mulki ba su yi fushi ba, sun gano amfaninta: abin da aka karɓo yana rage wa jiha abin da za ta fitar daga aljihunta. Yau gundumar Austin ce ta fi kowa biya, ɗaruruwan miliyoyin daloli a shekara, saboda gidajen birnin sun yi tsada, ko da yake wajen rabin yaran da ke makarantunta 'ya'yan marasa hali ne. Demetrio Rodriguez ya rasu a 2013, shekara 45 bayan ya sa hannu a takardar farko, ana kan wata sabuwar shari'ar. A 2016 kotun jihar ta kammala ta: ta ce tsarin a cukurkuɗe yake, yana buƙatar gyara daga tushe, amma ya cika mafi ƙarancin abin da kundi ya nema. Yaron da ya ci maki mafi ƙaranci akan kira ubansa a makaranta. Jiha kuwa sai aka sallame ta.

Ni dai a duk waɗannan shari'o'i babu wanda ya burge ni kamar wani lauya a Pennsylvania. Gundumomi shida da wasu iyaye sun kai jihar ƙara a 2014, ba a fara sauraron shaidu ba sai ƙarshen 2021, lokacin yaran da aka shigar da ƙarar dominsu wasu sun gama sakandare. Shaidu suka yi ta kawo ƙorafi, har da makarantar da yara 75 'yan ajin share fage ke layi a kan masai guda. Sai lauyan da ke kare shugaban majalisar dattawan jihar ya tashi ya tambayi wani shugaban makarantu: kafinta me zai yi da ilimin halittu? Wanda zai ƙare a aikin McDonald's, me aljabara za ta tsinana masa? Allah ya yi wa wannan bawa albarka. Shekara hamsin ana kewaye-kewaye da maganar 'yanci da ikon al'umma, shi ya faɗi abin a jimla biyu. An riga an san wanda zai zama likita da wanda zai soya dankali, taswira ta nuna, to don me za a yi asarar kuɗi a ruɗa yaro? Mai shari'a Renée Cohn Jubelirer ba ta fahimce shi ba. A watan Fabrairun 2023 ta rubuta hukunci mai shafi kusan 800 tana cewa tsarin ya saɓa wa kundin jihar.

Akwai kuma hujjar masana, wadda ta daɗe tana kwantar da hankali: wai kuɗi ba su ne ke gyara makaranta ba, tarbiyyar gida ce. Abin sha'awa, waɗanda suka fi yarda da wannan magana su ne ke cin bashin shekara talatin su sayi gida a gunduma mai kuɗi, su ɗauki lauyoyi su hana a taɓa ko santi ɗaya na asusunta. Sadaukarwa ke nan: sun san abin ba shi da amfani, suka tattara shi wurinsu don kada ya dami talaka. Wasu masana tattalin arziki uku, Kirabo Jackson da Rucker Johnson da Claudia Persico, sun so ɓata wannan zance a 2016. Sun bi rayuwar yaran da kotu ta tilasta a ƙara wa gundumominsu kuɗi, suka ga ƙarin kashi 10 cikin 100 tsawon shekara 12 na karatu yana ƙara wa ɗan talaka kusan rabin shekara a makaranta, da kusan kashi 10 a abin da zai riƙa samu idan ya girma. Ba su yi la'akari da irin tarbiyyar da rashi ke bayarwa ba. A Detroit, cikin ƙarar da ɗalibai suka shigar a 2016, an bayyana yadda malamin lissafi ya bar aiki ba a sami madadinsa ba, wani yaro ɗan aji takwas ya riƙe ajin yana koyar da 'yan uwansa wata guda. A wace makarantar masu kuɗi yaro zai sami wannan horon shugabanci? A watan Afrilun 2020 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yi suɓul da baka ta ce yaro yana da haƙƙin a koya masa karatu da rubutu. Ba a yi wata guda ba cikakken zaman kotun ya janye hukuncin.

Ba zan ɓoye ba, an sami 'yan bidi'a. New Jersey, bisa tilascin kotu, ta ɗaga gundumomi 31 na talakawa zuwa matakin masu arziki, har da makarantar yara 'yan shekara uku da huɗu. Vermont ta zuba harajin kadara a tukunya ɗaya ta jiha tun 1997. Hawaii gunduma ɗaya ce tal. A jihohi da dama yau, idan aka haɗa tallafin jiha da na tarayya, abin da ake kashe wa yaron gundumar talakawa ya kusa na mai arziki, wani wuri har ya ɗan ɗara. Amma kada hankalin kowa ya tashi, tsarin yana da hanyoyin gyara kansa. Dala ɗaya ga yaron da ya ƙoshi yana da ɗakin karatu a gida, dala ɗaya ga wanda ke kwana a gidan marasa galihu, wannan ma daidaito ne, kuma ya fi sauƙin karewa a gaban alƙali. Ginin makaranta har yanzu galibi da bashin da gunduma ta ci bisa ƙarfin kadararta ake yin sa, shi ya sa a watan Janairun 2018 aka ga hotunan yaran Baltimore zaune a aji cikin rigunan sanyi da safar hannu, na'urar ɗumama ɗaki ta mutu. Ƙungiyoyin iyaye a unguwannin masu hali kuma suna tara dubban ɗaruruwan daloli a shekara, wasu fiye da miliyan, su ɗauki malamin kiɗa da na zane, kuma wannan kyauta ce, kyauta kuwa ba ta shiga lissafin rabo.

Hatta tallafin tarayya na 'ya'yan talakawa, wanda shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965, an gina shi da ladabi: ana auna rabon jiha da abin da ita kanta take kashe wa ɗalibi, saboda haka ɗan talakan jihar da ke da hali ya fi ɗan talakan Mississippi tsada. Jihar New York tana kashe wa yaro fiye da dala 25,000 a shekara, Idaho da Utah wajen dala 10,000, tuta ɗaya suke sara wa kowace safiya. A 2019 wata ƙungiyar bincike mai suna EdBuild ta ƙirga ta ce gundumomin da yawancin yaransu ba farar fata ba ne suna samun dala biliyan 23 ƙasa da na farar fata a shekara, alhali yawan yaran kusan ɗaya ne. Ƙungiyar ta rufe a shekarar da ta biyo baya, kamar yadda ta tsara tun farko. Iyakokin suna nan.

Saboda haka, malam, kai da ka sami biza kana haɗa kayan iyali, ga shawara kyauta. Kafin ka tambayi kuɗin haya, tambayi gundumar da titin ya faɗa, don wani lokaci tsallaken titi ɗaya ne tsakanin ɗakin gwaje-gwaje da layin masai. In aljihunka bai kai tsallaken ba, kada ka ari adireshin kowa, ko na mahaifinka ne. Kada kuma ka ɓata kuɗin mota zuwa kotun tarayya, hukuncin 1973 yana nan da ransa, ba a soke shi ba.